Tasi nake ja a New York, ga abinda na gani tsakanin Amurkawa da ƙwallo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk sanda wata gasa ta matso sai mutanen gida su dame ni a waya, wai dan Allah mutanen nan da kake zaune cikinsu suna ma kallon ƙwallo kuwa? Wani yace ai yaji ance ko sunan Messi basu sani ba, wani kuma yace ƙarya ne tunda su aka ba gasar duniya. Na gaji da amsawa guntu guntu shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda abin ya same ni, dan maganar nan ni ba ta hira bace kawai, ta shiga har cikin gidana.

Ni haifaffen Tudun Wada ne a Kaduna. A 1994 ina yaro ɗan sakandare, kuma farkon abinda na sani game da Amurka ƙwallo ce, ba fim ba ba komai ba. A gidan wani maƙwabcinmu muke kallo, tsakar gida aka fito da talabijin aka ɗora kan tebur, dare ya raba amma unguwa ba wanda ya kwanta. Wasanmu da Bulgeriya a Dallas, Rashidi Yekini ya zura ta farko ya shige raga ya riƙe ta yana kuka, Amokachi ya ƙara, Amunike ya ƙara, 3-0. Amokachi kuwa ɗan Kaduna ne, dan haka mu gani muke kamar yayanmu ne ya ci. Muka doke Girka, Ajantina ta doke mu 2-1, sannan ranar Italiya muna gaba da ci ɗaya har saura minti biyu a tashi Baggio ya farke, ya kuma ƙara da fenariti a ƙarin lokaci. Wallahi a daren nan akwai manyan mutane masu iyali da naga suna share hawaye. Abinda ya tsaya min a rai bayan kukan shi ne filayen, duk wasan da aka nuno fili cike maƙil, kuma daga baya naji cewa mutum sama da miliyan 3.5 ne suka shiga kallo a gasar, ba a taɓa tara jama'a haka ba kafin ita.

Bayan shekara biyu kuma sai ga gasar Olamfik ta Atlanta 96. Brazil na cin mu 3-1 muka dawo, Kanu ya farke a minti na ƙarshe ya kuma ci ta zinare, 4-3, a wasan ƙarshe muka ba Ajantina 3-2. A cikin yaran nan akwai Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Babayaro, duk 'yan Kaduna. To ka gani, manyan farin ciki biyu na yarintata duk a ƙasar Amurka aka yi su, ni a raina in dai ka sauka can ka ambaci Kanu to an san daga inda ka fito.

A 2009 Allah ya yi min zuwa ta hanyar bizar nan ta ƙuri'a. Na sauka a Bronx, wani yanki na New York, wajen wani ɗan uwan mahaifiyata, na fara da wanke mota, daga baya na samu lasin na fara jan tasi da dare. Watannin farko sun min nauyi sosai, ga sanyi ga rashin iyali, kuma abinda nake ganin zan riƙa buɗe hira dashi da fasinja shi ne ƙwallo tunda turancina lokacin bai nuna ba. In mutum ya tambaye ni daga ina nake ince Najeriya, sai in ƙara da cewa mu ne muka ci zinaren ƙwallo a Atlanta, sai kaga ya yi murmushi irin na mutunci yace madalla, amma ka san bai san zancen ba. Akwai wata mata da tace min ita 'yar Jojiya ce ma, a jihar tasu aka buga wasan ƙarshen, a garin Athens, tace ita abinda ta tuna a gasar shi ne Muhammad Ali da ya kunna wuta da kuma bam ɗin da ya tashi a wurin shaƙatawa. Ranar na koma ɗaki jikina a sanyaye. Ba wai tayi laifi bane, kawai dai abinda kake ɗauke dashi a ƙirji tun kana yaro ne ka kai shi har inda aka yi shi ka tarar ba wanda ya ajiye labarin.

Garejin da nake karɓar mota shi ya fara dawo min da rai. Akwai 'yan zangon Kumasi da na Nima masu Hausa raɗau, akwai 'yan Damagaram da Tawa, ga 'yan Senegal da Gini da Mali, makanikan kuma yawanci 'yan Meziko ne da Ekwado. Wata 'yar talabijin ce a saman firij kullum tana tashar masu Sifaniyanci, dan su ne suke nuna wasa ba fashi, mai sharhin in aka ci sai ya ja ihun gol ɗin nan har numfashinsa ya kusa ƙarewa. Ban jin yaren amma a tashar na kalli wasanni da yawa. A nan na fara gane cewa in ance Amurkawa to sai an tambaya waɗanne, dan babban makanikinmu a Queens cikin New York aka haife shi, fasfonsa shuɗi ne kamar na kowa, amma ranar da Meziko ke wasa ko motar gwamna ce ta lalace sai an tashi. Shi yake bani labarin wasan ƙarshe na gasar yankinsu a 2011 a filin Rose Bowl na Amurka, Meziko ta ci Amurka 4-2, mutum sama da dubu 90 a fili kuma mafi yawansu koren rigar Meziko suka sa, wato Amurka tana wasa a gidanta amma ita ce baƙuwa.

Gasar 2010 ta Afirka ta Kudu ita ce ta farko da nayi a can. Ranar da Amurka ta buga da Aljeriya ƙarfe goma na safe ne agogon New York, ranar aiki, na ƙara lokaci ban mayar da mota ba ina tsakiyar Manhattan. Abinda na gani ya bani mamaki, gidajen cin abinci da mashaya duk sun cika har bakin titi, mutane da kwat da nektai sun gudo daga ofis suna leƙe ta taga. An cika minti 90 ba ci, saura kaɗan a koro su gida, sai Landon Donovan ya zura. Ina tsaye a danja naji ihu ya tashi daga ko'ina lokaci guda, wani bature ya fito da gudu ya bubbuga min bonet yana tsalle yana rungumar duk wanda ya gani. Ni zuciyata tana wajen Aljeriya amma sai da tsigar jikina ta tashi, dan ihun nan na san shi, irin na Tudun Wada ne sak.

Bayan kwana uku Gana ta fitar dasu, Asamoah Gyan a ƙarin lokaci, 2-1. Ranar Bronx ba'a magana, tutoci, ganguna, hon, wani Alhaji ɗan Kumasi da muke aiki tare dattijo mai furfura sai gashi a saman mota yana kaɗa hula. Nace masa Alhaji a hankali fa, yace bar ni ɗan nan, yau ko 'yan sanda sun san Gana ce. Ni kuma ina ta jiran inga yadda gari zai kwana da baƙin ciki, washegari na kunna rediyon wasanni, an ɗan taɓa maganar kaɗan aka koma kan Yankees, kulob ɗin besbol na garin. Kafin a buga wasan ƙarshe ma zancen gari gaba ɗaya ya koma kan LeBron James, ɗan ƙwallon kwando, da inda zai koma, 'yan New York na ta fatan ya zo musu sai ya zaɓi Miami, wannan shi ya ƙona musu rai fiye da fitar ƙasarsu daga gasar duniya. Daga ranar na ajiye a raina cewa gasar duniya a wajen yawancinsu kamar hawan sallah take, za'a fito ayi kwalliya ayi ihu da gaske ba na ƙarya ba, in an watse kowa ya koma harkarsa sai wata shekara huɗu.

Wani dattijo da na ɗauka zuwa filin jirgin JFK shi ya fi kowa warware min dalili. Asalin kakanninsa 'yan Ailan ne, yace yana cikin filin Giants a 1994 ranar da Ailan ta ci Italiya ɗaya mai ban haushi, kuma tun yana saurayi ya kalli Pele a kulob ɗin Cosmos wajen 1977. Yace min abokina, shekararmu a cike take, daga kaka zuwa hunturu ƙwallonmu ta ture-ture mai hular kwano, ga kwando ga hoki, bazara kuma besbol, sannan ga wasannin jami'o'i da wani garin duk rayuwarsa a kai take, yaro yana tashi ya gaji kulob daga ubansa kamar yadda ku kuke gada, to ina za'a sa wata. Ya ƙara da cewa mutanensu basu saba a tashi wasa canjaras ba, kuma basu saba kallon abinda ba su ne na ɗaya a ciki ba. Wannan ta ƙarshen na yarda da ita sosai. Gasar lig ɗinsu ta yanzu ma sai 1996 aka fara ta, kuma sharaɗi ne da FIFA ta gindaya musu kafin ta basu gasar 94. Ƙasar da lig ɗinta bai kai shekarun ƙanina ba ai ba za ka haɗa ta da masu shekara ɗari suna abu ba.

A Oktoban 2017 mu muka ci Zambiya a Uyo da ƙwallon Iwobi muka samu tikitin Rasha, bayan kwana uku su kuma Amurka, Trinidad da Tobago, 'yar ƙaramar ƙasa, ta doke su 2-1 suka rasa zuwa gaba ɗaya, karo na farko tun 1986. Na ɗauki fasinja tun daga dare har safe, 'yan kaɗan ne suka ta da maganar, wani saurayi ne kawai da ya shigo da gyalen ƙungiyar a wuya ya kifa kai bai ce komai ba har na sauke shi. Da Gana ta hana mu zuwa Qatar a Abuja a 2022 kowa yaga abinda aka yi, aka shiga fili aka farfasa kaya. Ban ji daɗin wannan ba ko kaɗan, kuma a nan kam na so ace muna da rabin sanyin zuciyarsu, amma kuma ba zan ɓoye ba shirun nasu ma ya dame ni, ƙasa guda ta faɗi a ce gari bai ko girgiza ba.

Inda abin ya shigo gidana shi ne ta wajen 'yata. Uwargida ta biyo ni bayan na ɗan zauna, aka haifa mana mace na sa mata sunan mahaifiyata, Mamana nake kiranta. Tun tana rarrafe take zama kan cinyata ranar Asabar da safe muna kallon Firimiya, dan tun 2013 tashar NBC ke nunawa kuma saboda bambancin lokaci da sassafe ake bugawa. A 2019 matan Amurka suka ci kofin duniya a Faransa, karo na huɗu kenan bayan 1991 da 1999 da 2015, aka shirya musu zagayen gari a titin Broadway. Yarinyar nan ta hana ni barci sai na kai ta. Na ɗora ta a wuya muna cikin cunkoso, takardu na zubowa daga saman benaye, ko ta ina ka duba yara mata ne da iyayensu sanye da rigunan 'yan wasan, sun san sunan kowa har masu zaman benci. Wanda duk yace Amurkawa basu damu da gasar duniya ba to bai tsaya a titin nan ranar ba. A ɓangaren mata su ne manya, wasan ƙarshe na 1999 mutum 90,185 ne suka shiga Rose Bowl, na 2015 da suka ci Japan 5-2 sama da miliyan 25 suka kalla a talabijin. Kuma ba haka kawai abin ya faɗo ba, akwai wata doka ta 1972 da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, ita ta sa jami'o'i suka buɗe ƙungiyoyin mata har suna ɗaukar nauyin karatun yarinya saboda ƙwallo.

A hanyar komawa gida tace Baba nima zan buga. Nayi shiru. Uwarta da farko bata so ba, tace Baban Mamana me za'a ce damu a gida, 'ya mace da guje-guje a fili. Kuma an faɗa ɗin, wata gwaggona ta kira ni takanas tace ɗana kar ka bari ƙasar nan ta cinye maka 'ya. Na saurare ta da ladabi dan na san tsoron Allah da ƙauna ne suka sa ta magana. Muka zauna da uwargida muka yi shawara mai tsawo, muka tsaya kan za ta buga da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗankwalinta, ƙungiyar mata zalla, islamiyya kuma ba fashi, kuma ɗayanmu zai riƙa raka ta. Tun 2014 dokar ƙwallo ta halatta rufe kai, da aka zo gasar 2023 kuma 'yar Maroko Nouhaila Benzina ta fito da hijabinta a gasar duniya, uwargida da kanta ta ɗauki hoton a waya ta tura wa gwaggo.

Abu ɗaya da yake ci min rai a tsarinsu shi ne kuɗi. Mu da ƙwallon tsumma muka koya, ba takalmi, duk inda aka samu fili an samu wasa. A Amurka in yaro na so ya shiga ƙungiya mai kyau sai iyaye sun biya dubban daloli a shekara, ga kuɗin tafiye-tafiye da otal, sai ya zama 'ya'yan masu hali ne ke samun horo, yaran baƙin haure da suka fi kowa iya taka leda suna nan a filin unguwa ba mai ganinsu. Na sha tsayawa a filin Van Cortlandt ranar Lahadi inga yaro ɗan Honduras ko ɗan Gambiya yana abinda sai ka riƙe baki, in ka tambaya ba ya kowace ƙungiya. Ni kaina sai da na ƙara awannin aiki kafin na iya biya wa Mamana, kuma ina yi ne da zuciya ɗaya, dan tafiyar nan ta zuwa atisaye da dawowa ita ce lokacin da take bani labarin duk abinda ke ranta, da Hausarta mai gauraye.

A 2023 ɗin gidanmu ya rabu biyu, ita tana goyon bayan Amurka ni ina goyon bayan Najeriya, amma ranar da matanmu suka ci Ostireliya 3-2 a gidansu da asuba muka tashi tare, tana ta nuna min Michelle Alozie tana cewa Baba kaga wannan ma a nan aka haife ta kamar ni. Kocin namu ma lokacin Ba'amurke ne. Duka biyun a zagaye na biyu suka fita kuma duka a bugun fenariti, su Suwidin ta cire su mu Ingila.

Ranar da ba zan manta ba ita ce Lahadi 11 ga Fabrairun 2024. Wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan, mu da masu masauki, ƙarfe uku na rana agogonmu, kuma a ranar ne da yamma ake Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallonsu ta ture-ture, a Las Vegas. Muka cika wani gidan abinci na 'yan Afirka ta Yamma a Bronx har ba wajen tsayawa, Troost-Ekong ya ci da ka kafin hutu muka kusa tsage rufin, aka dawo Kessie ya farke, Haller ya ƙara, 2-1. Na fito idona jawur na shiga mota dan daren Super Bowl daren samu ne ba'a barinsa. Duk wanda na ɗauka yana riƙe da kwalin fiza ko fukafukan kaza zai je gidan abokai, mutum sama da miliyan 120 suka kalli wasan nasu, ba ko ɗaya da ya san nahiya guda ta tsaya cak awa biyu da suka wuce. Sai can wajen sha ɗaya wata budurwa baƙar fata ta shigo, ta ga 'yar tutar da na rataya a madubi, tace kawu sannu da haƙuri, babana ma tun ɗazu ya ƙi cin abinci. 'Yar Houston ce, iyayenta daga Najeriya. Har na sauke ta muna maganar Osimhen, na ƙi karɓar kuɗinta ta ajiye a kujera ta gudu.

Kuma gaskiya abin yana canzawa a idona. A 2022 wasansu da Ingila da aka tashi ba ci washegarin bikin godiyarsu ne, gari ya kalla sosai, da Maroko ta fitar da Sifen da Fotugal kuwa titin Steinway a Astoria rufewa yayi ruf, na je da Mamana muka sha shayi kyauta a hannun mutanen da bamu sani ba. Tunda Messi ya koma Miami a 2023 rigarsa mai ruwan hoda ta cika makarantun yara. Abokan 'yata da iyayensu da kakanninsu duk a nan aka haife su suna musu kan Arsenal da Madrid kamar 'yan gidan kallo na Kawo.

Yanzu ga ta 2026 ta zo, ƙasashe 48, wasa 104, su da Kanada da Meziko, kuma wasan ƙarshe a filin MetLife ne, tsallaken kogi kaɗan daga inda nake, na sha kai fasinja wurin. Najeriya bata samu zuwa ba, Kwango ta cire mu a fenariti a Rabat, wannan ciwon har yau bai sake ni ba dan na daɗe ina burin in ga koren rigar nan da idona a ƙasar da na fara ganinta a talabijin. Mamana so take taga Amurka, amma wasanninsu na rukuni a Los Angeles da Seattle ne, kuɗin jirgi kaɗai ya fi ƙarfina. Na ce mata Faransa da Senegal za su kara a MetLife ranar 16 ga Yuni, na bata labarin 2002 da Papa Bouba Diop ya ci Faransa tana riƙe da kofi, tace to ta yarda amma da sharaɗin rigar Amurka za ta sa. Tikitin tsada gare shi ba kaɗan ba, mun fara adashi mu shida a gareji tun watan jiya, ɗan Damagaram ne ke riƙe kuɗin, kuma na riga na faɗa wa mai garejin tun yanzu cewa ranar ba zan fito aiki ba. Ku sa mu a addu'a Allah ya sa mu samu guda biyu a kusa da juna.